Saboda Ƙugiya Ɗaya

Zuwa ga jikata Aku,

Wannan takarda daga hannun kakanki ta fito, da alƙalaminsa, babu wanda ya riƙe masa hannu. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Mu nan lafiya muke. Gwiwata ta hagu ce dai take gardama da ni duk lokacin da zan tashi daga tabarma. Kunne kuwa kin san halinsa, injin niƙa ya ci rabonsa tun kafin a haife ki. Kakarki Iya lafiyarta ƙalau, bakinta ma ya fi na bara kaifi.

Jiya da rana babanki ya shigo yana haki, ya tsaya a kaina, ya ɗaga murya ya ce an ɗauke ki aiki. Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ce ya ƙara. Sai Iya ta ce masa, "Rabu da shi, ya ji sarai, so yake a yi ta maimaita masa." Gaskiyarta ne, tun na farko na ji.

Ban san lokacin da na sa takalmi na fita ba. Kafin rana ta yi sanyi babu wanda bai sani ba a layinmu, daga tela har mai gyaran keke. Na je wajen mai aski alhali gashin bai taru ba, don kawai in samu wanda zan riƙe da labari. Ya tambaye ni wane irin aiki ne. Na ce ƙungiya ce mai fafutukar daidaito a kiwon lafiya, kamar yadda babanki ya rubuta mini a bayan kwalin ashana. Ya ce to me suke yi ke nan? Na ce masa ya kula da askarsa kada ya yanke ni.

To ki cece ni daga bakin mutumin nan. Ki rubuto mini abin da ƙungiyar take yi, da aikin da aka ba ki a cikinta, dalla-dalla yadda tsoho zai gane. Na dai san ba likita ba ce ke, kuma na hana maƙwabta su fara jera mini ciwonsu in aiko miki.

Ki rubuto, kada ki kira. A wayar babanki muryarki tana zuwa mini kamar daga cikin rijiya, in yi ta cewa na'am ban ji komai ba. Ki ba Dogon Direba takardar, ya san gidanmu. Kuma ki bar ni in ci moriyar karatuna. Kina goye a bayan uwarki na shiga ajin yamma na manya. In rufe inji, in kakkaɓe gari daga gira, in je in zauna a bencin yara gwiwoyina suna ɗaga tebur. Ban yi wannan wahala don in riƙa ihu a waya ba. Ki duba rubutuna da kyau, ba za ki ga ƙa ko ɗa ko ɓa da na bari ba ƙugiya ba, don malamarmu komai tana yafewa ban da wannan.

Ki gaida na gaba da ke a ofis, ki gaida na ƙasa da ke. Ki ci abinci kafin ki fita. Abu ɗaya ne ba na jin tsoro a kansa, wato magana. Ba a banza muka sa miki Aku ba, tun kina rarrafe bakinki bai taɓa neman hutu ba. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da su lafiya.

Ni ne kakanki mai farin ciki.

*

Kaka,

Ina gaishe ka da Iya da kowa na gida. Ina lafiya. Ka yi hakuri da gajeren rubutu, a kwamfutar ofis nake bugawa cikin sauri kafin direba ya wuce. Ka rika shafa man zafi a gwiwar, kada ka bari sai ta kumbura.

Kungiyarmu ba ta ba da magani. Aikinta shi ne ta bi wa mutane hakkinsu idan an bar su a baya wajen neman lafiya, ko don ba su da hali, ko don wata lalura, ko don gidansu ya yi nisa. Ka fada wa mai aski haka.

Mu uku aka dauka tare, ni da wata lauya da wani mai lissafi. Dukkanmu muna cikin watannin gwaji, sai sun cika za a san wanda zai zauna. Ka tambayi aikin da aka ba ni. Na kasa, Kaka. Su biyun an hau da su sama wajen shugaba, ni an bar ni a bakin kofa. Zan yi maka bayani idan na samu sarari.

Jikarka Aku.

*

Zuwa ga jikata Aku,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan ƙarfin jiki da na zuciya. Muna lafiya. Ina shafa man kamar yadda kika ce.

Takardarki ta iso ina zaune a inuwar ƙofar gida. Na buɗe ta ina murmushi, har na kira Iya ta zo ta ji. Allah ya taimake ni idona ya riga bakina zuwa ƙarshen shafin. Sai na ninke ta na ce kina gaishe ta. Ta ce, "Gaisuwar ce ta sa fuskarka ta koma haka?" Na ce gwiwa ce. Ta dube ni ta dubi gwiwar, ta koma ciki.

Kalma biyu ce ta tsaya mini a wuya. Kin ce kin kasa. Wa ya gaya miki? Ke kika yanke wa kanki hukunci, ko su ne suka faɗa? Yaushe ma kika fara da har za a san an iya ko an kasa?

Ki saurari tsohon mai niƙa. Duk ranar da na sa wa inji sababbin haƙora, garin farko ba ya yin laushi. Mata su yi ta mita, su ce na ɓata musu hatsi. Ban taɓa kwance haƙoran na yar ba. Sai in ɗan matse, in ɗan sassauta, in saurari kukan injin, har su zauna da juna. Wanda bai san wannan ba bai kamata a ba shi sabon abu ya riƙe ba, balle 'yar mutane.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bakin ƙofar nan. A ɗauki yarinya da takardunta, a hau da abokan shigarta sama, ita a bar ta a ƙofa kowa ya wuce ya gan ta. Idan kin yi kuskure a kira ki ciki a nuna miki. Haka ake yi.

Ga abin da na yanke. Na ba da babbar rigata wanki. Zan zo in ga shugaban naku. Ba faɗa zan yi da shi ba, kin san ni. Zan gaishe shi, in zauna inda ya nuna mini, in ce ga jikata, ni na san abin da za ta iya, a sake gwada ta. Idan mutum ne mai furfura zai fahimce ni. Idan yaro ne zai ji kunyar tawa furfurar.

Ke kuma kada ki haɗa kayanki. Kada ki bar zuwa ko na yini ɗaya. Idan bakin ƙofa suka ce, ki zauna a bakin ƙofar da tsabtarki da fara'arki har in iso. Ban gaya wa babanki ba, kin san shi da ɗaukar zafi. Mai aski ya sake tambaya, na ba shi amsar da kika ce, ya gyaɗa kai kamar ya gane. Sauran maganar tana cikina.

Ki amsa mini da wuri.

Kakanki.

*

Aku,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai dai barci ya ƙaurace mini.

Dogon Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, hannunsa babu komai. Na tambaye shi ko ya gan ki, ya ce shi bai hau benen kowa ba, a tasha yake ajiye saƙo. Shirunki ya fi takardarki nauyi.

Iya ta gano. Rigar ce ta tona ni. Ta ce ba biki ba suna, me babbar riga take yi a kan igiya? Ta ɗauke hulata ta ce ba zan gan ta ba sai na faɗi gaskiya. Da na karanta mata, sai ta tashi ta fara haɗa mini jaka. Ta ce a kira ki a waya, na ce wannan ba maganar da za a yi da ihu maƙwabta suna ji ba ce, kuma wayar ta babanki ce.

Zuwan direba na gaba da ni zai koma. Ki jira ni.

Kakanki.

*

Kakana,

Da hannu nake rubuta wannan, ka duba ka gani, kowace ƙugiya tana wurinta. Ina gaishe ka, ina gaida Iya. Lafiyata ƙalau. Kafin komai, don Allah kada ka hau motar nan.

Takardunka biyu tare suka zo mini yau. Mai shagon tasha ya sa ta farkon a ƙarƙashin rediyonsa ya manta, ni kuma an tura mu zagayen unguwanni ban leƙa ba. Ka yafe mini shirun.

Kaka, ban kasa ba. Na ƙasa na rubuta, aikin ƙasa. Kwamfutarmu ba ta da haruffa masu ƙugiya, ni kuma don sauri har "ne" ɗin da zai biyo baya na haɗiye. Ofishinmu gida ne mai bene. A sama shugaba take, mace ce ba namiji ba, kuma tana da furfurar da za ta kara da taka. Lauya da mai lissafi suna can kusa da ita saboda aikinsu na takardu ne. A ƙasa akwai ɗaki mai ƙofa a kan titi, da tebur, da benci biyu, da fanka mai kuka kamar ana yanka ta. Nan nake. Duk wanda ya je neman lafiya aka wulaƙanta shi ko aka manta da shi, nan yake shigowa ya zauna ya faɗa mini. Ba horo ba ne. Shugaba ta ce ta zaɓe ni ne don ranar da aka yi mana tambayoyi ta ga na tsaya hira da mai shara kamar mun shekara tare.

Na yi dariya har mai sharar ta leƙo ta ga ko lafiya. Na hango ka cikin babbar riga kana neman wani shugaba mai gemu.

Amma da dariyar ta lafa sai na sake karanta ta farkon cikin takardun biyun, wajen haƙoran inji, na ji hawaye. Kaka, ka karanta ba daidai ba, amma abin da ka karanta ɗin bai yi nisa da gaskiya ba.

Ji ina ji. A ƙasa bakina ba ya tsayawa, mutane su shigo a ɗaure su fita sun saki jiki. Matsalar tana sama. Duk mako muna hawa taro. Lauya ta kawo sashe kaza na doka, mai lissafi ya haska zane a bango, kowa da manyan kalmominsa. Idan aka zo kaina sai harshena ya mutu. In ji kamar abin da na kawo hirar tsakar gida ce. Sai in ce babu wani sabon abu, alhali cikina cike yake da maganar mutane. Akun da ka sani, a sama kurciya ce.

Shugaba ta kira ni ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta ce ba za ta iya riƙe ma'aikaciyar da take ji amma ba ta isar da abin da ta ji ba. Kafin gwajinmu ya cika za a yi zama da manyan jami'an lafiya na yankin nan, kuma ni ce zan tashi in gabatar da magana ɗaya daga cikin waɗanda aka kawo ƙofa. Daga nan za ta yanke.

Maganar ma ina da ita. Wata mai ɗinki ce, kurma, tana da juna biyu. Ta zo da yayarta da ke fassara mata. A asibitin unguwarsu ana miƙa kati ta taga, a koma benci, sai a riƙa kiran suna daga bayan gilashi. Ita ba ta ji. Ta zauna tun safe har a rufe, a rubuta cewa ba ta zo ba. Ba sau ɗaya ba. Yayar ba kullum take samun barin sana'arta ta raka ta ba. Da hannu ta nuna mini: ta jera yatsunta a kan teburina, ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya suna tafiya, ta bar ƙaramin shi kaɗai.

Na san idan na tashi gaban mutanen nan zan tsaya kamar gunki, in kunyata ƙungiya, in kunyata matar. Ina tunanin in roƙi shugaba ta ba lauya maganar, ni in haɗa kayana kafin a ce in haɗa. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Ka cire rigar ka huta. Ka ce wa Iya ta mayar maka da hularka.

Jikarka Aku.

*

Zuwa ga Aku, ma'aikaciyar ƙasa,

Ga ƙugiyar nan na sa mata, har na ƙara mata tsawo. Ina gaishe ki. Muna lafiya, barci ya dawo.

Takardarki a cikin mota ta same ni. Na riga na zauna a gidan gaba, riga ta sha guga, jaka a cinya, sai Dogon Direba ya buɗe aljihun mota yana neman tsumma, ya ce, "Af, Baba, ga saƙonka." Na karanta shafin farko na fashe da dariya har fasinjoji suka matsa. Na ce a sauke ni. Da na shiga gida Iya ta dube ni ta ce, "Har ka je ka dawo? Lallai motar nan tana gudu."

Laifin ba na kwamfutarku kaɗai ba ne. Na ga kofa na gyara a raina, na ga hakuri na gyara, na ga kungiya na gyara. Da na zo kan kalmar da ta shafe ki sai tsoro ya karanta mini. Malamarmu da tana raye da mu biyun za ta tsayar a gaban allo.

Yanzu maganar gaske. Na karanta sauran shafukan a ɗaki, ban yi dariya ba.

Matar nan mai ɗinki, ki gaishe ta, ki ce tana da ɗan'uwa a nan. Kin san dalilin da ya sa Iya take raka ni asibiti duk lokacin da zan kai gwiwa? Ba don ƙauna ba ne kaɗai, ko da yake za ta ce haka ne. Ita ce kunnena. Mu ma taga ce da gilashi. Mu zauna, idan an kira ni ta zungure ni da gwiwar hannu, har haƙarƙarina ya san wurin. Ranar da mura ta kwantar da ita na je ni kaɗai. Na kafa wa bakin mai kiran ido ina ƙoƙarin karanta leɓenta. Na tashi a sunan wani, aka ce in koma. Na sake tashi a sunan wata mata, benci duka aka yi dariya, ni ma na taya su. Daga nan ban ƙara tashi ba har aka fara share wurin.

Ban taɓa ɗauka wannan abin kai ƙara ba ne. Na ɗauka tsufa ne, kowa da nasa. Sai da na karanta takardarki na san ashe akwai ɗaki a duniya, da tebur da fanka, inda mutum zai shiga ya faɗi irin wannan a rubuta. Kuma jikata ce a bayan teburin. Ki ce za ki haɗa kaya?

Kin ce harshenki yana mutuwa. Na juya takardarki gaba da baya, ban ga inda ya mutu ba. Yatsun matar nan har yanzu ina ganinsu a kan teburin da ban taɓa gani ba. Ashe idan ni kike gaya wa, kin iya. To ki gaya mini. Ki zauna ki rubuto mini maganar mai ɗinki tun daga farko, da kalmomin da za ki yi mini bayani da su, ba na sama ba. Amma kada ki ba direba. Ki riƙe ta, ranar zaman ki tashi ki karanta musu takardata. Su ba su san tawa ba ce. Ke kin sani.

A ajinmu akwai wani mahauci, ƙato, shi kaɗai yake kayar da sa. Idan aka ce ya tashi ya yi karatu sai takarda ta riƙa rawa a hannunsa kamar ganye. Malama ba ta taɓa cewa ya daina rawar ba. Cewa take ya karanta a haka. Ke ma idan hannu ya yi rawa ki bar shi ya yi, ba da hannu ake magana ba.

Kada ki ba lauya. Lauya ba ta ga yatsun ba. Idan kuma manyan suka ce mutum ɗaya ce, ki ce kina da kaka.

Iya ta ce in gaya miki kurciya ma tana kuka a ji ta. Hula ta dawo.

Kakanki.

*

Kakana,

Ina gaishe ka da Iya. Ina lafiya, yau har abinci na ci da yawa. Ka zauna kafin ka karanta, kuma ka kira Iya tun daga farko, babu abin ninkewa a ciki.

Na yi yadda ka ce. Na rubuta maka takardar, na ja layi da fensir a ƙarƙashin gaisuwa don in fara daga inda maganar take. Ɗakin zaman dogo ne, da tebur mai sheƙi da sanyin na'ura har cikin ƙashi. Jami'ai a gefe guda, mu a gefe guda. Da shugaba ta kira ni na tashi, hannuna ya fara rawa irin ta mahaucinku. Idona bai ga layin fensir ba. Sai kawai na ji muryata tana cewa, "Kakana, ina gaishe ka. Yaya gwiwa?"

Lauya ta rufe ido. Na so ƙasa ta buɗe.

Sai babban cikinsu, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya leƙo ta saman tabaran ya ce, "To, yaya gwiwar tasa?"

Na ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe. Kunnen ne dai."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce in ci gaba, kakan yana jira. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na karanta rabi, sauran na ajiye takardar na faɗa da ka. Na jera yatsuna a kan teburinsu mai sheƙi, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Da na bar ƙaramin babu wanda ya yi motsi.

Wata shugabar nas ta ce ba mugunta ba ce, su biyu ne a taga, jama'a kuwa har waje. Na ce gaskiya ne, mai ɗinkin ma ba ta ce an tsane ta ba, cewa ta yi ba a gan ta ba. Wani ya ce ai mutum ɗaya ce. Na ce ina da kaka, na ba su labarin ranar murar Iya. Ka yafe mini, har tashinka a sunan mace na faɗa. Nan mai lissafi ya shigo da yawan masu matsalar ji a yankin, lauya ta buɗe ido ta kawo abin da doka ta ce. Ranar ce na fara jin mu uku aiki ɗaya muke yi.

Ba a gyara duniya ba, Kaka. Asibiti biyu ne suka yarda su gwada: a ba kowa lamba a takarda, a riƙa ɗaga ta a allo, a kuma yi alama a katin wanda ba ya ji don a fito a taɓa shi. Sauran sun ce sai sun gani. Amma na unguwar mai ɗinki yana cikin biyun, kuma ta ga likita. Yayarta ta zo ta gaya mini cikin yana lafiya.

Muna saukowa daga bene bayan mun koma ofis, shugaba ta tsaya a matakala ta ce, "Kujerar nan taki ƙafarta ɗaya ta gaji. Na sa a kawo miki sabuwa, tunda zama ya kama ki." Ban gane ba sai da lauya ta rungume ni. An tabbatar da mu, mu ukun. Wata mai zuwa za a ɗauki sababbi, ɗaya a cikinsu kusa da ni za a zaunar da ita in koya mata. Shugaba ta ce in koya mata komai ban da gaida kakanni a gaban jami'ai.

Takardar taka tana wurina. Ta yi laushi da gumin hannu, amma taka ce, zan kawo maka da kaina.

Jikarka Aku.

*

Zuwa ga jikata Aku,

Ina gaishe ki, ina gaida shugabarku, da lauya, da mai lissafi, da mai shara, da wadda za ta zo ba ta riga ta zo ba. Muna lafiya. Ki gaya wa dattijo mai tabarau gwiwa ta gode.

Na karanta wa Iya a tsakar gida da ƙarfi, yadda har maƙwabta ba su buƙaci a sake musu ba. Babanki ya zo ana tsakiya, sai da aka koma masa tun daga farkon rikicin, ya riƙe kai yana cewa ashe duk wannan an yi ba a gaya masa ba. Ban iya zama ba. Na zaga layi har gwiwa ta ce ya isa. Wannan karon da mai aski ya tambaya, ni na yi masa bayani har ya gaji ya ce in tashi akwai mai jira.

Amma ga labarin da na fi so ki ji. Ranar komawata asibiti ta zo. Namu ba ya cikin biyun, ba mu da allo ba mu da lamba. Na ce wa Iya ta zauna a benci kada ta motsa. Na je taga da kaina, na miƙa kati, ban juya ba. Na ce wa yarinyar, "'Yata, ni ba na ji sosai. Idan an zo kaina ki ɗaga mini hannu." Kai ka ce wani babban abu na roƙa. Ta dube ni, ta ɗauki biro ta yi wani zane a kan katin, ta ce wata magana da ban ji ba. Da aka zo kaina ba hannu ta ɗaga ba. Fitowa ta yi ta dafa kafaɗata.

Wani tsoho da ke kusa da ni ya ga abin da aka yi. Ya tashi a hankali ya nufi tagar shi ma.

Yanzu saura rigima ɗaya, kuma ke kika jawo ta. Iya ta yi fushi. Ta ce shekara da shekaru tana aikin kunne ba a taɓa samunta da kuskure ba, rana ɗaya jika ta raba ta da aikinta. Ta ce in tambaye ki, tunda kuna ɗaukar sababbi, ko akwai gurbin tsohuwa mai gwiwar hannu.

Na ce mata kada ta nemi aiki a wani wuri. Ta ci gaba da raka ni, benci ba ya daɗi mutum shi kaɗai. Ta ce za ta duba.

Allah ya ƙara miki albarka.

Ni ne kakanki.